Gurbin da Babu a Jadawali

Na hau tsaunin da sandar ƙarfe da taswira a kwali,
numfashi yana mini rowa kamar bashi na zo karɓa.
A nan, can sama da Ayacucho, ko rana sanyi take ji.
An aiko ni in auna fadama,
in faɗi inda ƙasa ke da ƙashi
da inda take tsoka zalla.

Na soka sandar. Ta nutse kamu uku, ta ƙara,
baƙar ƙasa ta yi ajiyar zuciya, ta saki ruwa.
Soso ce, in ji littafinmu:
ta sha da damina, ta ɗiga wa birni da rani.
Na rubuta zurfi, na rubuta gangare,
na ba kowace kadada makinta.
Kore, a taka. Rawaya, a taka da kunya.
Ja kuwa, kada ƙafa ta kusanto.

Doña Teodosia Ccahuana na zaune bisa dutse,
tana kaɗi, tana tauna ganyen koka.
Alfakokinta, dangin raƙumi da aka hana tozo,
suna kiwo a tsakiyar jan da na shafa.

Na ce, Uwa, albishirinki.
Za a tsakuri 'yan kuɗi daga kowane famfo na birni
a hauro da su nan.
Mun buga lissafi, ruwan da fadamarki ke riƙewa
ya kai dubban sol a shekara.
Sharaɗin ɗaya ne: a janye dabbobi, a ja waya.

Ba ta ce uffan ba sai da zare ya cika mazari.
Sannan ta miƙe, ta yafuto ni.

Wata 'yar kwata ta nuna mini, faɗin tafin hannu,
ciyawa ta rufe ta ruf, na tsallake ta sau uku ban gani ba.
"Kakana Nemesio ya haƙa wannan
shekarar da ƙanƙara ta ƙone dankali.
Kafin shi, nan tsandauri ne, ko tsuntsu ba ya sauka.
Duk Agusta nakan toshe wannan, in buɗe waccan,
ruwa ya je ya gaida ciyawar da ta yi fushi.
In na sauka gari, Injiniya,
wa zai juya shi? Wayarki?"

Ta kamo ƙafar wata farar alfaka, ta ce in taɓa.
Laushi, kamar dunduniyar jariri.
"Shanu ke yanka ƙasa," in ji ta.
"Waɗannan lallaɓa ta suke."

Da dare, a ajin makarantar da aka sauke ni,
na buɗe jadawali, yatsuna na rawar ɗari.
Ga gurbin ruwan sama, ga na zaizaya,
ga wanda muka kira matsin ɗan'adam.
Nan na ajiye ta tun ina ofis:
a debe maki huɗu.
Tauraron ɗan'adam rufin kawai ya gani,
mai ɗaki ce ta san inda ke yoyo.

Na san kuɗin lita.
Na san kuɗin iskar da baƙar ƙasa ke haɗiyewa ta ɓoye.
Na ƙara sabon gurbi, na rubuta:
Agusta, hannu biyu, shekara sittin.
Kwamfuta ta ƙi. Lamba take so.
Na bar shi fari, fitila ta mutu ina kallonsa.

Da safe ina ɗaura jaka a mota
ta zo da cuku a ƙunshe, ta tura mini ta taga.
"Ban ce kada kuɗin su zo ba," in ji ta.
"Jikata na karatu, kuma gishiri ya yi tsada.
Amma ki ce su haɗo da shebur.
Nawa ƙasa ta cinye masa baki."